Goron Gayyata

Ko zan manta da duk ranakun aikina, ranar da goro ya cika mana gida da mutane ba za ta fita daga raina ba. Har gobe in na tuna sai in kama dariya ni kaɗai a cikin trotro, motar hayarmu, fasinjoji su yi ta kallona.

Aikina a wani gidan adana kayan fasaha a nan Accra shi ne kula da masu zuwa koyon aiki da waɗanda muke ɗauka na shekara guda su yi bincike. Ni ke tace takardunsu, ni ke raba musu aiki, ni ke shan faɗa in sun yi ba daidai ba. Shekara da shekaru 'yan jami'a kaɗai ake ɗauka. Ni kuwa haifaffiyar Nima ce, ɗaya daga unguwannin Zango, abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, don na san gwanaye a lungunanmu da ba su da ko takarda ɗaya. Na dami kwamiti har suka gaji suka ba ni gurbi ɗaya na gwaji, da sharaɗin in ba a ga amfaninsa a ƙarshen shekara ba, an rufe maganar ke nan.

Wadda na ɗauko wata tela ce daga Maamobi, maƙwabciyar Nima, uwar 'ya'ya uku, wadda ta gaji aikin wuyan riga a wurin mahaifinta. Da aka ce kowa ya zaɓi abin da zai yi bincike a kai, sai ta tsaya gaban wata tsohuwar babbar riga da ke cikin gilashi, an rubuta a ƙarƙashinta cewa ba a san wanda ya ɗinka ta ba. Ta yi watanni tana zana aikin zare bayan zare, ta san rigar kamar tafin hannunta, amma sunan maɗinkin ya gagara. Ranar da za ta yi bayani gaban kwamiti ta matso, na ba ta katin gayyata biyar kamar kowa.

Ana saura kwana uku na ci karo da ita a Kasuwar Malam Atta tana cinikin goro, har kwando guda. Na tsokane ta, "Suna za a yi ba a faɗa mini ba?" Ta ce, "Ei, Anti, wane suna! Kai ma ka sani, mutum ba ya kai ma babba takarda hannu wofi." Na yi dariya na wuce abina. Wai ni da aka haifa a Zango, na manta cewa goro in ya shiga hannun magajiya, shugabar matan unguwa, ba ya tsayawa a nan. Gida-gida ake raba shi, wanda ya ci kuwa ya ci alkawarin zuwa.

Ranar da safe na jera kujeru talatin, ina ta yaba wa kaina. Sai ga mai gadi a guje yana haki, "Madam, bra, bra, zo maza! Mutanenka sun zo!" Na leƙa, na ga trotro uku cike maƙil. Mata sun sha zane iri ɗaya, dattawa da sandunansu, ana ta sauke kulolin wake da shinkafa da jarkokin sobolo, wato zoɓo. Shugabar gidanmu ta dube ni ta saman tabarau. Telar ta matso ta ce, "Anti, wallahi mutum biyar na ba."

Korar su dai ba ta taso ba, sai in daina shiga Nima. Na je na durƙusa gaban magajiya na ce, "Hajiya, dokar gidan nan biyu ce, abinci ba ya shiga, hannu ba ya taɓa komai." Ta ce, "To mene ne? Ba ci muka zo ba, ɗiyanmu muka zo gani." Ta tafa hannu sau biyu. Kafin ka ce kwabo kuloli sun koma gindin bishiya, mutane sun jeru a bango hannuwa a baya. Aikin da ya fi ƙarfin masu gadi huɗu, tsohuwar nan ta gama shi a tsaye.

Telar ta fara bayani da Turanci, ta yi jimla uku ta maƙale. Na ga shugaban kwamiti, wani farfesa, ya ajiye biro, na ce shi ke nan, gurbina ya tafi. Sai wani dattijo ya ɗaga sanda, "Yi da Hausa mana, wannan Anti ya fassara!" Aka yi dariya, ta saki jiki. Kai, ranar na ga baki! Ta nuna inda allura ta shiga da inda ta fita, da inda maɗinkin ya canza zare, ni kuwa ina binta a guje da fassara, daɗi kamar ya kashe ni.

Ana cikin haka wata tsohuwa 'yar firit ta ratso mutane, ta kusa manna hanci da gilashin, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wannan aikin babana ne." Farfesa ya tambaya cikin ladabi ko tana da shaida. Ta ce, "Ku duba cikin aljihu. Baba ba ya sallamar riga sai ya yi ƙulli uku da koren zare daga ciki, kar wani ya ce nasa ne."

Buɗe gilashin nan a gaban jama'a ba a taɓa yi ba. Kowa ya zuba wa shugabarmu ido. Ta juya, ta dawo da makulli da kanta. Telar ta sa safar hannu, ta ɗaga bakin aljihun a hankali. Ga su nan, ƙulli uku, korensu ya koɗe amma suna nan daram.

Guɗar da ta tashi, na tabbata an ji ta har unguwar Adabraka. Farfesa ya miƙe da littafinsa yana roƙon tsohuwar ta maimaita sunan mahaifinta. Tana faɗa tana hawaye, ni ma na kasa riƙe nawa. Daga baya duk 'yan kwamitin suka zauna gindin bishiya suna shan sobolo, a nan farfesa ya ce mini gurbin ya zauna, kuma a sake takardar da ke ƙarƙashin rigar.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, in ka buɗe wa mutum ƙofa, to ka bar ta a buɗe mutanensa su biyo shi, don wani ilimin ba a takarda yake ba, yana bakin tsohuwar da ba wanda ya taɓa gayyata. Da kati biyar na so in tare amsar da muka yi shekaru muna nema. Shi ya sa yanzu duk shekara, in ranar bayani ta matso, ni da kaina nake zuwa kasuwa in sayi goron.