Gaisuwa Doguwa, Umarni Guntu

Yayana yana da manhajar waya da ke aika wa manoman ƙauyen Yasore saƙon murya kan lokacin shuka. Gab da damina ta fara yi wa ƙananan wayoyi nauyi, sai ya ba na'urar nan mai rubuta manhaja da kanta aikin gyarawa.

Ina zaune a shagonsa na Batsari ya rubuta umarnin. Ya yi wa na'urar sallama, ya tambaye ta gajiya, har ya sa mata albarka. Sannan ya rubuta, "A rage mata nauyi." Shi ke nan.

Na ce, "Yaya, gaya mata abin da ba za ta taɓa ba."

Ya ce, "Ku ma'aikatan rediyo sai dogon bayani. Ai ta fi ka ƙwaƙwalwa."

Ta kuwa rage nauyin. Ta cire muryar gaba ɗaya, ta bar wa mutanen da suka saba saurare rubutu zalla. Ruwan shuka ya sauka, babu wayar da ta yi magana a Yasore.

Washegari na tarar da shi yana zagin na'urar. A cikin zagin ne ya faɗi abin da yake so dalla-dalla.