Motar Yaya Ba Ta Ribas

Ranar da Tela ya ari motar yayansa zai kai ɗinki, mantuwa ta sa ya kutsa wani lungu da ba ya ɓullewa. Ya sa ribas, mota ta yi gurnani ta ƙi motsi. Dole ya fito ya sa kafaɗa. Turawa ɗaya, ɓarrr, wandonsa ya yage tun daga ƙugu. Tela guda da yagaggen wando, ga mata na leƙowa ta taga!

Shi Yaya tsohon direban babbar mota ne. Da gwiwa ta fara ba shi matsala ya sauka, ya sayi wata 'yar mota atomatik yana jigilar yaran unguwa zuwa makaranta, har da 'yan biyun Tela. Ribas kuwa ya daɗe da rasuwa. Maimakon Yaya ya gyara mota, sai ya gyara rayuwarsa. Ba ya fakin sai inda hancinta ke kallon titi. In ya zarce gidan wani yaro, ya zagaye unguwa ke nan. Katangar bayan gidansa ma fasa ta ya yi ya sa ƙofa ta biyu, ya shiga ta nan ya fita ta can.

"Yaya, don girman Allah a canja man giyar motar nan," in ji Tela. "Na zaro ƙarfen awon mai na gani, baƙi ƙirin, sai ƙauri kamar tukunya ta kama."

"Wa ya aike ka? Man nan da giyar nan tsoho da tsohuwa ne. Ka raba su, ka kashe ɗaya."

"In ta mace da yarana a tsakiyar titi fa?"

"Kai dai ji da allurarka."

Abin ya tsaya wa Tela a rai. Kullum ya ga 'yan biyu sun shige bayan motar nan sai ya raka su da addu'a. Ya yi lallashi, ya yi fushi, ya tura matar Yaya, ita ma aka ce ta ji da murhunta. Da ya ga magana ba ta ci, sai ya sake aron motar da sunan kai ɗinki, ya zarce gareji.

Bakanike ya shinshina man ya yamutsa fuska. "Maigida, ai man giya tun yana ja-ja ake canja shi. Wannan an makara. Wata motar, dattin cikin ne ke riƙe da ita."

"Kai ma ka shiga ƙungiyar Yaya? Juye shi!"

Aka juye, aka zuba sabo. Mota ta taho lafiya lau, Tela har da fito. Dab da ƙofar Yaya ta fara ihu ba tafiya. Ya taka totur, ihun ya ƙaru, taya ko gezau.

Yaya ya fito yana ɗingishi, ya buɗe bonet, ya zaro ƙarfen awo. Ja wur, tas da shi. Ya juyo ya kalli Tela.

"Yaya, wallahi saboda yaran na yi," in ji Tela.

"Na sani, likitan giya. Gobe da sassafe ka zo da zani mai ƙwari. Kai za ka goya su makaranta."