Na Auna Maka da Yadin Gida

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, sha ɗaya ga Maris, Allah Ya karɓi ran Kawuna, telan da duk wani baƙo a unguwarmu ta nan ƙasar waje ya sani, bayan jinyar kwana tara.

Kawu, ban manta makona na farko a shagonka ba. Na zo daga gida ina ji da kaina a ɗinki, ban san da santimita mutanen nan suke awo ba. Wata mata ta aiko da takarda: ƙugu tamanin. Na ɗauka inci ne, na ce a raina mai jiki ce, na ɗinka wandon da mutum uku za su shiga su yi hira. Ka ɗaga shi, ka dube ni ta saman tabarau: "'Yar nan, wando aka ce ko rumfa?" Na so ƙasa ta tsage in shige. Ka zauna ka farke shi da hannunka, ba ka sake tada maganar ba.

Ranar ka miƙe hannu da ƙyalle ka ce, "Daga hanci zuwa yatsa, yadin gida ke nan. Kau da kai hagu kaɗan, ya zama mita. Zaman ƙasar mutane ma bai wuce haka ba."

Mutum nawa ka koya wa? Har direban da mil da kilomita suka rikita, da matar da ta saba da mudu ta tarar da kilo. Amma na san kai ma ba ka taɓa sabawa ba. Shekara talatin hannunka yana rubuta santimita, leɓenka yana ƙirga inci. Kullum kana cewa baɗi za ka koma gida, wuyanka ya huta.

Ni aka aika sayen likkafaninka. Mai kanti ya ce, "Mita nawa?" Da yadi kawai na san awon likkafani. Na ja farin ƙyallen daga hancina, na kau da kai hagu, ɓangaren da kujerarka take a shago, kamar zan tambaye ka. Babu kowa. Na dawo da kaina daidai, na auna maka da yadin gida.

Ina kewarka, Kawu. Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa can ta fi nan. Matarka Inna da 'ya'yanka da duk wanda ka koya wa awo, Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Amin.