Ranar da ke tsakiyar tutar Kawu

Shekarun baya, ƙarfe goma da kwata na safiyar wata Talata, mushenmu, wato malaminmu na tarihi, ya kira ni gaban tablo, allon aji. Na riƙe lokacin ne don agogon bango nake kallo, gudun kada in haɗa ido da kowa. Ina aji uku a kwaleji nan Madarumfa, an ba ni aikin yin bayani a kan alamomin ƙasa.

Sati biyu na yi ina shiri. Na cika kaye guda, wato littafin rubutu, da bayani: ruwan goro na tuta hamada ne, fari tsarki, tsanwa ƙasar noma, da'irar tsakiya kuma rana. Na zana tambarin ƙasa da mashinsa da takubbansa, da zangarniyar hatsi da kan bijimi. Har waɗanda doka ba ta ambata ba na kawo, irin su raƙumin dawa da barewar da 'yan ƙwallo suka ɗauki sunanta. Da a nan na tsaya, da lafiya lau.

Sai mushe ya ce, "Akwai ƙari?"

Ni da ko gaisuwa sai an matsa kusa ake ji, ranar bakina ya buɗe. Na nuna tutar da ke tsakar lakwal, wato makarantarmu, ta taga, na ce a littafi launin rana da na saman tuta ɗaya ne, amma tamu ranarta koɗaɗɗiya ce, kamar an yi ta da tsumma. Aji ya juya. Wani daga baya ya ce, "Tela ya cinye yadi!" Aka tuntsire da dariya. Mushe ya ba ni maki mafi yawa, har ya kai maganar gaban darakta.

Telan nan kawuna ne, yayan mahaifiyata. Shi yake ɗinka tutar lakwal duk farkon shekarar karatu, a kai masa tsohuwa, a karɓo sabuwa. Na sani sarai. Kawai a lokacin littafi ya fi shi kusa da zuciyata.

Shekarar da ta biyo ba a kai masa tsohuwa ba. Aka sayo wata a Maradi, mai sheƙi, ta inji. Yara kuma suka riƙa wucewa ta rumfarsa suna cewa a ba su ragowar yadi.

Mahaifiyata ta tura ni in ba shi haƙuri. Na tarar da shi a kan keken ɗinki yana dajiyar riga. Maimakon in ce ya yafe mini, sai na ji kaina ina cewa, "Kawu, to mi ya sa ranar take koɗewa?"

Bai ɗago ba. Ya ciji zare, ya ce, "Malama, ba ya cikin littafin naku?"

Daga nan Malama na koma, ni da yake kira ɗiyata. Bai daina ɗinka mini kayan salla ba, bai taɓa ɗaga mini murya ba, amma zaman da nake yi a rumfarsa ina karatu yana jan keke, shi ke nan ya ƙare. Kunya ta hana ni komawa da maganar. Na ce sai na gama lakwal, na ce sai na dawo daga karatu. Ina Maradi ina jarrabawa aka kira ni cewa ya rasu.

Har yau ban ce abin da na faɗa ƙarya ba ne. Launin ya bambanta, na gani da idona. Abin da ke cina shi ne na yi sati biyu ina neman asalin barewa a takarda, ban taka gida uku na tambayi mutumin da ya yi tutar da hannunsa ba, sai da na gama kunyata shi.

Bara na je gaishe da matarsa. Tana neman wani zane a akwatinsa sai ga tsofaffin tutoci a ninke, kowace an yanke da'ira biyu a jikin ruwan goronta. Na ɗaga ɗaya, na leƙa ta hudar, na ce, "Inna, wannan fa?"

Ta ce, "Au, bai taɓa gaya miki ba?"

Na girgiza kai.

Ta karɓa ta ninke, ta ce, "Kakanki ne ya ɗinka tutar farko ta garin nan, shi ya koya masa. In zai yi sabuwa, a jikin tsohuwa yake yanko ranar, gaba da baya. Wai kada wata ta hau sanda ba da jinin uwarta ba. Ba yadi ya rasa ba, ɗiyata. Kuma murfin kwanon da yake auna da'irar da shi yana nan, ya ce in kin sake tambaya in ba ki."