Kwana Uku Ina Neman Irin Gero

Komai zan iya mantawa, ban da kwana ukun da na yi ina yawon neman irin gero da kuɗi ɗaure a ƙuguna. Bayan babbar yunwar nan ne, Turawa ba su daɗe da shigowa ƙasar Gumel ba. Ina sabon magidanci a ƙauyenmu tsakanin Gumel da Gagarawa, ina ɗan fataucin kanwa, kuma a ganina duk garin babu mai wayona.

A wajenmu kowane gida yakan ware zangarniya mafi kyau ya ajiye don shuka, kuma komai tsananin yunwa ba a taɓa ta. Ni kuwa da na ga hatsi ya yi tsadar da ba a taɓa ji ba, sai na sauke irin da mahaifina ya rasu ya bari, na kai Maigatari na sayar. Matata ta ce, "Maigida, to me za mu shuka?" Na kaɗa mata jakar kuɗin na ce, "Wannan." Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Ruwan shuka ya sauka ranar Talata. Ƙasarmu yashi ce, laimarta ba ta jiran kowa. In kwana huɗu suka wuce ba ka shuka ba, sai dai ka zuba ido ga sama. Na hau jaki na nufi Gumel. Ba abin da na samu sai dawar kudu, wadda ba ta nuna kafin ruwanmu ya ɗauke. Alhamis na isa Maigatari, na bi rumfa-rumfa ina buɗe bakin jaka. Wani mai awo ya dube ni ya ce, "Malam, yau ko uwarka ce ke da iri, gona za ta kai shi." A hanyar dawowa nakan sauka in tura yatsa cikin ƙasa, kowane karo sai na ƙara nutsa shi kafin in ji sanyi. Tsoro ya kama ni sosai, ga mace da goyo, ga rumbu wayam.

Juma'a da la'asar na tsaya ƙofar wani dattijo, aminin mahaifina, wanda na daina zuwa gaishe shi tun da na fara jin nauyin aljihu. Na durƙusa na ajiye jakar a gabansa.

"Baba, a sayar mini da iri, ko nawa ne."

Bai ko dubi jakar ba. Ya shiga ɗaki ya fito da wata tukunyar irin gero, saura kaɗan a gindinta. Ya ce, "Ɗana, jikata ta rasu da yunwa a ɗakin nan, tukunyar nan tana liƙe da laka a bayan ƙofa. Ban fasa ta ba. To faɗa mini, nawa za ka biya?"

Na miƙa hannu zan ɗauki jakata in tafi, sai ya ce, "Shimfiɗa rigarka." Ya juye mini rabi. Sannan ya ɗauki sandarsa ya sa ni gaba gida-gida, yana cewa, "Ɗan marigayi ne, ba shi da iri." Wani ya ba da ludayi guda, wani tafin hannu. Ba wanda ya yi mini gori, kuma da ma sun zage ni da ya fi mini sauƙi.

Asabar da sassafe muka shuka, ina sara matata tana zuba iri, laimar saura ƙiris.

Tun daga ranar na san kuɗi ba ya sayen abin da mutane suka biya da yunwarsu, ba ya kuma sayen dattijon da zai tsaya maka a ƙofar wani. Geron da jikokina ke ci yau daga tukunyar nan ya fito, kuma har Baba ya koma ga Allah bai karɓi ko anini a hannuna ba.