Hoton Ƙafar Baba

Shekara shida na yi ina binciken tundurmi, ciwon nan da sauro ke kawowa, ƙafar mutum ta kumbura ta koma kamar turmi. Sau huɗu ina neman tallafin bincike, sau huɗu ana ce mini aikin ya yi kyau amma in yi haƙuri. Ciwon talaka ne, ba ya hawa jirgi ya je ƙasar kowa, wa zai damu?

A karo na biyar na kai zagayen ƙarshe. Shugaban sashenmu ya riga ya faɗa mini, in wannan ma ya kuɓuce, ɗakin gwajina zai koma sito. Sai masu tallafin suka rubuto suna son hoton majinyaci guda, ƙafar kawai, a yanke fuskar.

Na tafi unguwar Koki wajen aminin marigayi mahaifina, wani Babarbare mai ɗinkin hula da tundurmi ya sa ya shekara ashirin yana jan ƙafar dama. Na same shi a zaure da allura a hannu. Na yi ta kame-kame kafin na faɗi abin da ya kawo ni.

"To Likita," haka yake tsokanata, "ƙafar ce za ta ba ka izini ko ni?"

"Baba, wai don kare mutuncinka ne."

"Shekara ashirin mutane na kallon ƙafar nan ba sa kallona. Yanzu kuma har da kai?"

Kunya ta rufe ni. Ya shiga gida ya sako babbar rigarsa ta Juma'a da hular da ya ɗinka da hannunsa. Ya zauna, ya naɗe wandon da kansa, ya tsura wa wayata ido.

"Ɗauki duka, ko ka bar duka."

Na ɗauka duka, haka na tura. Suka amso cewa ƙa'ida ce, sai na yanke. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na rubuta musu layi ɗaya: mai ƙafar bai yarda a raba shi da ita ba, ni ma ban yarda ba.

Wani aka ba tallafin. Yau karyayyun kujeru ne jibge a ɗakin gwajin, madubina na duba ƙwayoyin cuta kuwa yana kan teburina a gida, a unguwar Ƙofar Na'isa. Baba ya rasu bara. Makon jiya na tura takardar nema ta shida. Baba yana nan a shafin farko, daga hula har ƙafa, yana kallon duk wanda ya buɗe.