Ƙwai Mai Zanen Gawayi

Ni ne na yi laifin, ba Yaya Dije ba. Na sa wannan a farko don kada zuciya ta sake hana ni faɗa.

Ranar wata Alhamis ce a farkon damina, gero bai wuce idon sawu ba, shekarar da Nasara suka fara sharar hanya ta bayan ƙauyenmu, gabas da Mirriya. Ban fi shekara goma ba. Da hantsi wani gardi, ɗan sandan Nasara mai jar hula, ya tsayar da dokinsa a ƙofar gidanmu, mai gari na biye da shi a ƙasa, kai sunkuye. Gardin ya kife ƙwarya a gaban Baba. Ƙwai suka fashe, sai ga ƴan tsaki jiƙe, ido a rufe, ɗaya har yana motsa ƙafa. Ya tambayi Baba ko wannan ne abincin da gidanmu ya ga ya dace da kumandan, Nasaran da ke mulkin yankinmu. Baba kuwa bai san komai ba. Ni da na sani ina bayan rumbu.

Kajin na Inna ne, huɗu da zakara, ta raba mana aikinsu. Yayata Dije, wadda ta girme ni da shekara uku, ita ke da Wake-wake, kazar da ke kwanci a kan ƙwai goma sha biyu. Ta shimfiɗa mata yashi da toka a fasasshiyar tukunya cikin akurki saboda ƙuma, ta yi wa kowane ƙwai zane da gawayi, don in wata kaza ta saka sabo a ciki a gane shi. Kullum da hantsi takan ɗaga ta, ta ba ta dusa da ruwa a kasko, ta bar ta ta yi birgima a ƙasa, ta kore ta ta koma kafin ƙwan su huce. Har ta kife tukunyar kashin shanu da kara a bayan gida don ta tara gara, abincin ƴan tsakin da ba su zo ba tukuna. Saura kwana uku su ƙyanƙyashe.

Ni kuma nawa aikin buɗe akurki da asuba, da share kashin kaji a kai gona, da bin sauran ukun ƙarƙashin rumbu in kwaso abin da suka saka in tara a tukunyar ɗakin Inna. A zamaninmu ba a ba yaro ƙwai. Inna takan ce, "Yaron da ya saba da ƙwai, ɓarawo ake reno." Ni kuwa na riga na saba. In mun tafi kiwon awaki nakan binne ɗaya a toka mai zafi, in cinye, in tura ɓawon cikin ramin kurege.

Ran Laraba mai gari ya aiko cewa kumandan zai sauka rangadi, kowane gida ƙwai shida. Inna ta ce in zuba a ƙwarya, Dije ta kai. Na leƙa tukunya, biyu ne kawai. Na tsaya a ɗakin nan ina lissafi. In na faɗa, maganar Inna ta tabbata a kaina. In na yi shiru, gardi zai zo. Da Dije ta tafi rijiya sai na rarrafa cikin akurki, Wake-wake na saran hannuna, na zaro huɗu da ɗuminsu. Na jiƙa gefen bantena na goge gawayin tas, na rufe ƙwarya da faifai. Na ɗauka Nasara ba zai gane ba. Mai dafa masa abinci ya fasa ɗaya da safe ya gane.

Gardin ya ɗaure kajin duka da ƙafa ya rataye su a sirdi, har Wake-wake, ya tasa Baba gaba zuwa aikin hanya. Inna ta shiga akurki ta ƙirga takwas. Ta tambaye ni, na rantse sababbi shida na zuba. Dije ce mai kazar, ita ce ta ɗauki ƙwarya, sai aka ce ta musanya ne don ta ci sababbin. Inna ta doke ta da muciya. Dije ba ta yi musu ba, ta dai dubi bantena, ta dube ni, ta kau da kai. Takwas ɗin nan ta ɗaure su a zane a cikinta kwana uku, tana daka a hankali, tana kara su a kunne. Ko ɗaya bai fito ba.

Baba ya dawo bayan an gama noman fari, kafaɗarsa a saɓe, ciyawa ta cinye rabin gonarmu. Yaran unguwa suka laƙaba wa Dije suna Baragurbi, wato ƙwan da ya lalace bai ƙyanƙyashe ba, har ni nakan yi dariya tare da su don kada a dube ni. Na zama kamar ɗan tsakon da aka kife da kwando saboda shirwa, yana ganin tsakar gida ta ƙofofin saƙa, ba hanyar fita. Kullum sai in ce gobe, goben kuma ta fi yau wuya. Aka yi wa Dije aure a Tirmini. Baba ya rasu, Inna ta rasu, ba wanda ya ji gaskiya daga bakina.

Yanzu a Zinder jikokina kan tsaya wurin mai shayi a soya musu ƙwai kafin su tafi lakwal, wato makaranta, ba mai ce musu ɓarayi. Nasara sun tafi, hanyar da Baba ya ɗauki duwatsunta motoci ke bi. Ni kaɗai na rage a ƙarƙashin kwandon.

Bara da kaka na shiga mota zuwa Tirmini. Na same ta zaune a gindin rumbu, idonta ya yi rauni, tana watsa wa wata kaza da ƴaƴanta tsaki. Muka gaisa, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Sai ta ce, "Ilu, in sa a dafa maka ƙwai, ko har yanzu ka fi son na toka?"

Na cire hula, na durƙusa a cikin ƴan tsakin nan da gwiwoyina na tsufa.

"Yaya, ni na ɗauki huɗun nan, ni na goge gawayin, na bari aka doke ki. Don Allah ki yafe mini."